Hannun Adawiyya Mai Awara

Duk wanda ya bi layin injin niƙa a Mahuta da hantsi, ƙamshin awarar Adawiyya zai fara ji kafin ya ga rumfarta. Rumfar ba wata babba ba ce. Kwanon rufi ne aka ɗora a kan itatuwa a jikin katangar gidansu, sai murhu da kasko da wani benci da ya sha zama har ya yi santsi. A nan take zama da matsami a hannu, tana juya awara a cikin mai, tana yi wa masu wucewa sannu da suna.

An haife ta a wani ƙauye ta wajen Dandume, zamanin da auduga take da daraja. Tun ba ta kai tsawon karan gona ba take bin iyayenta cirar auduga, kuma har yau idan ta ga motar kaya ta nufi Funtua takan ce da can fari fat ake ganin hanyar nan da kaka. Ta yi firamare kaɗan. Ta auri Malam Shitu, manomin masara da waken suya, mutum mai ƙarancin magana. Yaransu sun girma, matan sun yi aure, babban namiji yana Funtua yana tuƙa keke napep.

Awara kuwa daga baya ta koya, lokacin da waken suya ya cika gonakin yankin. Wata maƙwabciya ta nuna mata sau biyu, sauran ta koya da ɓata wake. Shekara ta kai ashirin yanzu tana yi, kuma aikin bai canza ba. A jiƙa wake, a wanke, a kai niƙa. A dawo a tace ƙullun da ƙyalle, ana ƙara ruwa ana matsewa da hannu har sai dusa kawai ta rage, wadda ake zuba wa awaki. A ɗora ruwan a wuta, a zuba ruwan tsami ya haɗe, a juye a buhu a danne da dutse. Daga sallar asuba zuwa hantsi hannun mai awara ba ya bushewa. Wannan shi ne asalin abin da ya same ta, ko da yake ta daɗe ba ta sani ba.

Da wata damina ce ta fara jin ƙaiƙayi a tsakanin yatsunta. Fatar wurin ta yi fari ta yi laushi, tana saɓulewa. Ta ce cin ruwa ne, irin wanda kowa ke yi da damina, zai tafi da kansa. Bai tafi ba. Gindin faratanta ya kumbura ya yi ja, idan ta taɓa ruwan tsami sai ta ji kamar an zuba mata yaji a ciwo. Daga nan faratan suka fara kauri, suka koma kalar ƙasa, suna gargada, bakinsu yana ɗagowa daga nama.

Magani kam ta sha jin sa a bakin mutane. Wata ta ce ta huda lemun tsami ta zura yatsa ta wuni da shi. Ta yi, ta kusa kuka. Wani abokin ɗanta ya aiko da man birki a kwalba, ya ce babu ciwon fatar da ke tsaya masa. Malam Shitu ya shinshina kwalbar ya ce wannan na mota ne, ya ajiye a bayan rumbu. A ƙarshe ta je wajen Mannir mai kemis, wanda ya miƙo mata wani man shafawa a ɗan kwali, ya ce magani uku ne a haɗe wuri guda, ko mene ne yake damun fata ɗaya daga ciki zai same shi.

Man ya yi abin da ya sa ta yarda da shi. Cikin 'yan kwanaki ƙaiƙayin ya kwanta, jan ya ragu. Idan ta daina sai ya dawo fiye da da, don haka ba ta daina ba. Kwali ya ƙare ta sayi wani. Da yake tana son ya yi sauri, har bayan hannu take shafawa safe da yamma. Bayan wasu makonni sai ta lura fatar bayan hannunta na dama ta yi haske, wani fili kamar faɗin murfin kofi, ya fi sauran jikinta fari, kuma ya yi siriri har jijiyoyi suna nunawa.

Ranar da ta ga wannan tabo da kyau a cikin rana, sai ta tuna wani tsoho na ƙauyensu da take gani tana yarinya. Yana da tabo irin wannan a hannu da fuska, yatsunsa sun gajarce. Ba a kore shi ba, ba a zage shi ba. Amma kwanonsa daban yake, a rataye a jikin bishiya, kuma idan ya miƙo wa yaro gyaɗa uwar yaron takan karɓa da godiya, ta zubar a bayan gida.

A ranar ta daka lalle. Ta yi dungulmi, wato ta ƙunsa yatsun gaba ɗaya har bayan hannu, ta bar shi ya kama sosai. Da ya fara kodewa sai ta ƙara. Faratan suka yi jawur har suna baƙi-baƙi. A tunaninta ta rufe magana, kuma dama an ce lalle yana sanyaya fata.

Amma mutanen da suke cin abinci daga hannun mace suna kallon hannun nan fiye da yadda take zato. Lalle yana rufe kala, ba ya rufe kumburi da gargadar farce. Kuma matan unguwa sun san ba Sallah ake ba, ba biki ake ba, me zai sa mai awara ta dinga ƙunshi a kai a kai a tsakiyar damina? Wadda ta ga farin tabon kafin a rufe shi ta gaya wa wata. Ba wanda ya zo ya tambaye ta. Kwanukan da ake aikowa daga gidaje da safe suka fara raguwa. Masu babur da ke zama a benci suka koma gaisuwa daga nesa. Ta rage waken da take jiƙawa, ta ƙara ragewa, duk da haka awara tana kwantai, awaki suna samun rabon da ba nasu ba.

Abin da ya fi yi mata ciwo a gidan Gwaggo ya faru. Gwaggo ƙanwar mahaifin Malam Shitu ce, ita ce babba a dangin yanzu, kuma ita ta riƙe Adawiyya kamar 'ya tun zuwanta garin tana amarya. Kullum kwanon Gwaggo ne farkon zuwa rumfa. Aka yi sunan jikarta, mata suka cika tsakar gida. Da aka kawo abinci, aka ajiye manyan faranti, mata suka kewaye su biyar-biyar shida-shida kamar yadda aka saba. Adawiyya ta wanke hannu ta matso kusa da Gwaggo, inda take zama shekara da shekaru. Sai wata daga cikin matan gidan ta zo ta durƙusa ta ajiye mata kwano a gabanta, nata ita kaɗai, da nama a kai, da cokali a gefe.

"Gwaggo ta ce a zuba miki naki daban," in ji matar, idonta a ƙasa. "Kin sha aiki."

Gwaggo tana ta magana da wata baƙuwa, ba ta waiwayo ba. Adawiyya ta yi godiya. Ta ɗauki cokalin ta ci loma biyu don kada a ce ta yi fushi, ta yi barka, ta tafi gida. Washegari ba ta hura wuta ba.

Suwaiba ce ta zo ta same ta. Suwaiba 'yar kawunta ce, taubashiyarta, tana aure a Funtua, kuma tsakaninsu babu maganar da ba a faɗa. Ta shigo ta tarar da Adawiyya zaune a ƙofar ɗaki da hannaye a cikin zane.

"Ina awarar? Na baro Funtua da yunwata na zo na tarar murhu kaji suna kwana a ciki."

"Yau ban yi ba."

"Jiya ma an ce ba ki yi ba. Fito da hannun nan in gani, amaryar damina. Wa kike yi wa wannan ƙunshin? Malam Shitu da ba ya ɗaga kai daga fartanya?"

Adawiyya ba ta yi dariya ba. Ta fito da hannayen. Suwaiba ta kama su ta juya, ta duba a hankali, sannan ta faɗi abin da duk garin ya kasa faɗa.

"Kin san abin da suke cewa. Kuturta suke cewa."

"Na sani."

"Ke fa, me kika ce?"

Adawiyya ta ce, "Ni ma abin da nake cewa ke nan, idan ni kaɗai ce."

"To ni ba likita ba ce, ke ma haka, Gwaggo ma haka. Jibi ki shirya mu je a duba. In ita ce, a san ita ce. In ba ita ba ce, ki daina ƙarar wa garin nan lalle."

Malam Shitu da aka gaya masa, cewa ya yi dama ya daɗe yana son faɗar haka, bai san ta inda zai fara ba.

A asibitin da suka je a Funtua, bayan sun yanki kati sun bi layi, aka tura su wajen wata ma'aikaciyar jinya mai suna Amatullahi, wadda ita ke fara ganin masu ciwon fata kafin su shiga wajen likita. Ba ta kai 'yar Adawiyya ta biyu a shekaru ba. Ta karɓi hannun ta ɗaga shi wajen taga, ta yi murmushi.

"Mama, kin zo in duba miki farce, kin kuma rufe min farcen. Wannan lallen ai ko na amarya albarka."

"Na gaya mata," in ji Suwaiba. "Gidan ma saura kaɗan ta ƙunsa."

Amatullahi ta tambayi sana'arta, da yaushe abin ya fara, da abin da ta shafa. Adawiyya ta ciro kwalin man daga jaka. Amatullahi ta karanta jikinsa ta ajiye a gefe. Sai ta tsinko 'yar auduga ta murza bakinta ya yi tsini.

"Ki rufe ido. Duk inda kika ji na taɓa ki, ki nuna min da yatsa."

"Da auduga?" in ji Adawiyya. "Wannan ai tare muka girma."

Ta rufe ido. Audugar ta sauka a goshinta, ta nuna. Ta sauka a hannun hagu, ta nuna. Sai ta ji ta a bayan hannun dama, a tsakiyar tabon da lalle ya rufe, kamar ƙuda ya sauka. Ta nuna. Aka sake taɓa gefensa, ta nuna. Amatullahi ta laluba jijiyar gwiwar hannunta, ta sa ta matse mata yatsu da ƙarfi, ta duba bayanta da ƙafafunta a bayan labule. Da ta latsa gindin farcen babban yatsa, Adawiyya ta janye hannu da sauri.

"Yi haƙuri, Mama. Amma wannan zafin da kika ji, ki gode wa Allah a kansa. Tabon kuturta ba ya jin auduga. Naki yana jin komai. Likita zai ƙara dubawa, amma ni ban ga alamarta a jikinki ba."

Adawiyya ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Suwaiba, wadda bakinta bai saba hutawa ba, ta juya tana kallon bango.

Amatullahi ta bari ta natsu, sannan ta ƙara da cewa ko da kuturtar ce ma ba ƙarshen duniya ba ne. Tana da magani, kyauta ake bayarwa, ana warkewa, kuma wanda ya fara shan maganin ba ya shafa wa kowa. Abin da ke gajarta yatsun mutane shi ne ɓoyewa har lokaci ya wuce.

Farin tabon kuwa, ta ɗago kwalin man, wannan ne ya jawo shi. A cikin magungunan da aka haɗa akwai mai ƙarfi wanda ke kwantar da ƙaiƙayi da kumburi. Yana da amfaninsa idan likita ya rubuta shi na ɗan lokaci. Amma idan aka daɗe ana shafa shi, yana sirantar da fata ya dusashe kalarta, kuma cutar da ke ƙasa sai ta sami sarari ta bazu. Wato abin da ya tsorata Mahuta, a kemis aka sayo shi.

Likita ya duba ya tabbatar da maganar Amatullahi. Aka kankari ɗan bakin farcen aka kai ɗakin gwaji, aka ɗebi jini don a duba sukari da lafiyar hanta. Da suka koma karɓar sakamako, aka ce sukarinta lafiya, hanta lafiya. Abin da ke cin faratan wata ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, irin wadda ke fitowa a jikin masarar da aka ajiye da damshi. Inda ruwa yake zama, nan take so.

Likita ya shimfiɗa mata hanyoyin da ake bi. Akwai maganin shafawa, wanda zai wadatar wa tsakanin yatsu da fatar gindin farce, amma da wuya ya ratsa cikin farcen da ya yi kauri. Akwai ƙwayoyi na sha, na tsawon makonni, waɗanda ke bin jini su kai ga tushen farce. Su ne dalilin gwajin hanta, kuma ba a ba mai ciki, ba a kuma saye a sha da ka. Akwai cire farcen, amma wannan sai abin ya gagara, kuma nata bai kai nan ba. Ta zaɓi ƙwayoyin tare da na shafawa. Ya ce duk da haka rabin maganin yana hannunta: ta raba yatsun da ruwa gwargwadon iko, ta sa safar hannu ta roba idan za ta yi tata ko wanke-wanke, ta goge tsakanin yatsu ya bushe bayan alwala, kada ta bari a yanke mata fatar gindin farce. Man Mannir kuma ta rabu da shi. Ya gargaɗe ta cewa ƙaiƙayin zai iya tasowa na ɗan lokaci idan ta daina, kada ta koma.

A waje Amatullahi ta ƙara mata ɗaya. "Lalle kuma a huta, Mama, a hannu dai. Muna so mu dinga ganin abin da ke fitowa. Tsohon farcen ba zai gyaru ba, sabo ne zai tsiro daga gindi ya ture shi. Zai kai kamar wata shida."

"Wata shida," in ji Adawiyya. "To ta yaya zan san yana yi?"

Suwaiba ta ce, "Ke da kike ƙunshi tun kina goye? In kin yi lallen Sallah, ba kya ganin jan yana hawa sama, fari yana biyo shi daga ƙasa?"

Amatullahi ta ce haka ne kuwa. Duk abin da ke cikin ja tsoho ne. Abin da ya fito a ƙarƙashinsa shi za a sa wa ido. Idan ya fito sumul, magani yana aiki.

Adawiyya ta koma gida ta hura wuta. Ta gaya wa duk wanda ya tsaya cewa an duba ta a Funtua, ba abin da ake zato ba ne. Aka ce masha Allah, Allah ya ƙara sauƙi, aka wuce. Ita kuma da ta ji an ce safar hannu, sai ta ɗauka ko'ina ne, ta fito rumfa da su tana suya. Nan magana ta ƙara tashi. Da lalle take rufewa, yanzu kuma asibiti sun ba ta roba ta rufe, ai ka ji. Labarin ya dawo mata ta bakin matar mai injin niƙa.

Ta zauna ta yi tunani. Ta ga tun farko ɓoyewa ce take ciyar da maganar. Daga ranar safar ta tsaya a cikin gida, wajen aikin ruwa. A rumfa kuwa hannu a buɗe, matsami a dama, hagu a kan gwiwa inda kowa zai gani, da gargadarsa da komai. Farin tabon ma ta bar shi a fili da lallen fata ya kode.

Malam Shitu bai yi wa kowa jawabi ba. Abin da ya yi shi ne, bayan sallar asuba sai ya naɗe hannun riga ya karɓi wankin wake da matsar ƙullu. Abokansa na masallaci suka ji, suka fara kiransa Shitu mai awara. Ya ce ai waken ma shi ya noma. Da hantsi kuma, kafin ya wuce gona, sai ya zauna a bencin da ya zama kango, ta zuba masa, ta barbaɗa yaji da hannunta, ya ci a hankali yana fuskantar hanya.

Watannin ba su zo da sauƙi ba. Ƙaiƙayin ya taso kamar yadda likita ya faɗa, har ta je bakin kemis ta tsaya, ta juyo. Ƙwayoyin sun ɗan dagula mata ciki a farko. Da zafin ya tafi, kumburin ya saɓe, ta so ta bar sauran, Suwaiba ta bugo waya ta ce idan ta bar ko ɗaya za ta zo ta ɗura mata kamar akuya. Ta shanye. Ta koma asibiti duk lokacin da aka ce ta koma.

Wata rana tana goge hannu bayan alwalar azahar, ta ga wani siririn layi a gindin farcen manuniya, a ƙarƙashin jan lalle. Mai haske ne, mai santsi. Ta shafa shi da babban yatsa. Ta duba sauran, kowanne da nasa. Daga nan kullum sai ta duba. Jan yana hawa, tana yanke bakinsa, sabon yana biyowa. Tabon bayan hannu ma ya fara komawa kalar jikinta daga gefe-gefe. Masu babur biyu suka dawo benci. Da azumi ya kama, kwanukan wasu gidaje suka dawo don buɗa-baki. Na Gwaggo bai dawo ba.

Ana jibi Sallah, matan gidan maƙwabta suka daka lalle, ƙamshinsa ya tsallako katanga. Tunda Adawiyya ta yi wayo ba ta taɓa Sallah da farin hannu ba. A garin nan matar da mijinta ke raye ta fito ranar Sallah ba ƙunshi, sai a ɗauka takaba take. Ta ƙunsa ƙafa, ta zauna tana kallon ragowar lallen a kwarya. Sannan ta miƙa shi ta katanga ta ce a ba yara. Suwaiba da ta zo yawon Sallah ta dubi hannun ta ce, "Allah ya ji ƙan Malam Shitu, ashe ba a gaya mana ba." Malam Shitu yana zaure yana jin su, ya ce yana nan tukuna.

Bayan Sallah da 'yan kwanaki aka yi walimar saukar karatu a gidan Gwaggo. Adawiyya ta yi niyyar aikawa da gaisuwa kawai, daga baya ta saka mayafi ta tafi. Ta zauna kusa da Gwaggo. Aka kawo faranti. Matar nan ta ranar suna ta sake zuwa da kwano da cokali, ta durƙusa ta ajiye.

Adawiyya ba ta taɓa kwanon ba. Ta matsa gaba, ta ɗora hannayenta biyu a kan cinyar Gwaggo, bayansu a sama.

"Gwaggo, ki duba min."

Hirar da ke kusa ta tsaya. Gwaggo ta dubi hannayen, ta dubi fuskarta. Idon Gwaggo ya yi rauni, don haka ta kama hannun dama ta ɗaga shi wajen haske, ta kawo shi dab da fuska. Faratan sun fito fes. A bakin kowanne saura ɗan siririn ja kamar jinjirin wata. Ta shafa su ɗaya bayan ɗaya. Ta juya bayan hannun tana neman tabon, da ƙyar ta gane wurin. Sai ta sa farce ta mintsine shi, mintsini na gaske.

"Wash, Gwaggo, da zafi fa."

"Ashe kina ji."

"Ina ji. Tun can ma ina ji."

Gwaggo ba ta saki hannun ba. Ta daɗe tana riƙe da shi. Da ta yi magana, ba Adawiyya ta yi wa ba. Ta juya wajen matar da ta kawo kwanon.

"Wa ya ce ki kawo cokali? Juye wannan a farantinmu." Sannan ta ja farantin ta kawo shi tsakaninsu. "Matso, 'yar nan. Sa hannu, zai huce."

Adawiyya ta yi bisimilla ta sa hannu. Gwaggo ta sa nata a gefensa. Sauran matan suka matso ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin ci Gwaggo ta ce, ba tare da ta ɗago ba, awarar da ake sayo mata a bakin kasuwa tun damina kamar takalmin roba take, haƙoranta sun gaji.

Washegari kwanon Gwaggo ne farkon zuwa rumfa.

Ba kowa ne ya dawo ba. Akwai gidaje biyu ko uku da har yau suke aikawa wani wuri, Adawiyya kuma tana gaishe su kamar kullum. Farcen babban yatsanta na dama ya warke amma ya bar 'yar gargada, Amatullahi ta ce mai yiwuwa haka zai zauna. Safar roba tana rataye a jikin igiyar shanya, ta zama cikin kayan aiki kamar buhu da dutsen danni. Malam Shitu ya ce zai mayar mata da wankin wake idan damina ta faɗi, damina ta faɗi bai mayar ba.

Ranar da ta yanke jan ƙarshe daga bakin faratanta, Suwaiba ta aiko mata da ƙullin lalle daga Funtua, da saƙon cewa an ɗage takaba. Adawiyya ta ƙunsa tafin hannu da ƙafa. Faratan ta bar su yadda suke.